Hoton samaniya: in ba kai ka ɗauka ba, daina cewa "na ɗauka"

 Yau maganar hoto na zo da ita, kuma na san wasu za su ce ƙaramar magana ce a lokacin da tiyar hatsi ke neman gagarar talaka. Ku dai ba ni aron kunnuwanku, in na ƙare sai ku yanke hukunci.

Makon jiya wani hoto ya zagaye gurup-gurup na WhatsApp da shafukan Facebook. Na tabbata da yawanku kun gan shi. Rumbu ne na ƙasa a tsaye shi kaɗai, sama ta yi shuɗi da ja kamar zanen amarya, farar hanyar taurari ta ratsa ta bisa kansa, ga jinjirin wata ƙato kamar faifai, kuma a cikin lanƙwasar watan ga tauraruwa guda zaune tana ƙyalli. A ƙasa an rubuta: "Daren jiya a ƙauyenmu, da salulata na ɗauka. Ku yi partaje." Sau uku hoton ya iso mini. A na farko ƙauyen yana ƙasar Maraɗi, a na biyu yana Damagaram, a na uku ya koma Tawa. Rumbu ɗaya ya yi ƙaura sau uku a dare guda, kuma ko zana ba ta faɗi ba.

Ni ba masanin taurari ba ne, ban yi karatunsu a jami'a ba. Sha'awa ce kawai ta kama ni ƴan shekarun nan. Abin da na mallaka shi ne salula, da wata tsohuwar kamara ta hannu, da ƙafa uku da mai walda na unguwarmu ya haɗa mini a kan jika uku. Amma daren da na kwana a fili ina faɗa da sauro ya isa in gane hoton da ba a samaniya aka ɗauko shi ba.

Ku duba tauraruwar nan da ke cikin ƙahonnin wata. Wata dunƙulallen dutse ne, kamar ƙwallo. In ka ga jinjiri, sauran jikinsa na nan bai tafi ko'ina ba, rana ce kawai ba ta haska wannan gefen ba. Duk tauraron da ke bayansa ya ɓuya. Kafin tauraruwa ta zauna a cikin lanƙwasar nan sai dai in an huda watan. Sannan girman. Ka miƙa hannunka ka ɗaga ɗan ƙaramin yatsa, kan yatsan ya isa ya rufe wata ko da daren sha huɗu ne. Kamarar da ta buɗe ido har ta kwaso rumbu da rabin samaniya, wata a cikinta ɗan ɗigo zai fito. Kuma farar hanyar nan ba ta bayyana sai dare ya yi duhu sosai, alhali jinjiri ɗan kwana ɗaya ko biyu yana faɗuwa tun jan magariba bai gama washewa ba. Abu uku ke nan, kowanne ya isa shaida.

Na rubuta wa ɗaya daga cikin masu yaɗa hoton, cikin ladabi, na ce ƙanena wannan haɗi ne, ka gyara rubutun. Amsar da ya ba ni ita ce ta sa na zauna rubuta wannan. Ya ce: "Haba malam, mi ya yi zafi? Ai ikon Allah munka nuna, kuma ba wanda anka cuta."

To, ikon Allah ba ya buƙatar ƙaryarka, ƙanena. Samaniyar da ke bisa rumbun kakanka ta isa abin mamaki yadda take, ba sai ka shafa mata jan-baki ba. Batun cewa ba wanda aka cuta kuwa, nan ne muka rabu, kuma a nan zan daɗe.

Ku tuna abin da ke faruwa duk daren 29 ga Sha'aban da daren 29 ga azumi. Kafin a idar da sallar magariba hotunan jinjirin wata sun fara zuba a wayoyi: an gan shi a gari kaza, ga hoto. Babu kwanan wata, babu sa'a, babu sunan wanda ya ɗauka. Wani hoton na bara ne, wani daga wata ƙasa, wani kuma wata ne ɗan kwana uku, mai kauri, wanda ko makaho da ɗan jagora ba zai ɓace masa ba. Tsohon da jikansa ya miƙa wa waya ba shi da hanyar tantancewa. A wurinsa gani ya kori ji. Sai ka tarar gida ɗaya ya rabu biyu, wasu sun ɗaura niyya wasu na jiran sanarwa, ko wasu sun sha ruwa wasu na riƙe da baki. Mutanen da suka saba yaɗa rumbun ƙarya a watan Rajab su ne dai za su yaɗa jinjirin ƙarya a ƙarshen Sha'aban, don hannu ya riga ya saba danna "partaje" kafin ido ya duba.

Kuma akwai abin da ya kamata duk mai riƙe da kamara ya sani a kan wannan. Watan sama yana cika zagayensa a kwana 29 da rabi, kusan haka. Daga lokacin da ya daidaita da rana, sai ya yi sa'o'i masu yawa kafin ya nisanta da ita har ido ya iya tsinkayarsa. Ba a taɓa tabbatar da wanda ya gan shi da ido tsirara ba yana ƙasa da awa 15 da haihuwa. Amma na'ura daban ce. Ranar 8 ga Yuli 2013 wani Bafaranshe mai suna Thierry Legault, wanda ya shahara a wannan sha'awa, ya ɗauki hoton jinjirin wata da rana, a daidai lokacin haihuwarsa, da madubin hangen nesa da matatar haske ta musamman. Watan nan shi ne ya zama na azumin shekarar. Hotonsa gaskiya ne ɗari bisa ɗari, amma a wannan sa'a babu ɗan Adam ɗin da zai ɗaga kai ya ga komai. Shi kuma mutumin bai ɓoye ba, ya bayyana ranar, da sa'ar, da kayan aikin. Da ya saki hoton haka nan babu bayani, ya faɗo a gurup ɗin unguwarmu, kun san abin da zai biyo baya. Saboda haka ko hoton gaske ne a hannunka, ka faɗi yaushe, a ina, da mi. Hukuncin tsayuwar wata yana da masu shi, malamai da majalisar da aka ɗora wa nauyin. Mai kamara ba alƙali ba ne. Iyakarsa ya zama mai gaskiya a kan abin da ya ɗauka.

Ga wata dabara kyauta, tunda muna kan maganar. Gefen wata mai haske kullum yana fuskantar rana. Da magariba rana tana ƙasa, ta faɗi a yamma, saboda haka jinjirinmu a nan yakan kwanta ne kamar ƙwarya, hasken a ƙasa, ƙahonni na kallon sama, ko ya ɗan karkata. In aka turo maka sabon wata a kife, ko a tsakiyar sama cikin baƙin dare, ka san inda za ka ajiye shi.

Wani zai ce to ai duk hoton zamani gyararre ne, har naku. Gaskiya ne, kuma ba zan kauce wa wannan ba. Ni ma ina gyara. Hasken taurari rauni gare shi, hoto ɗaya yakan fito da yashi-yashi. Sai in ɗauki wuri guda sau talatin ko hamsin, in kai kwamfuta, wata manhaja ta kyauta mai suna Siril ta jera su bisa juna, yashin ya ragu, taurarin su fito. Daga nan in ƙara haske kaɗan. Duk abin da ya fito a hoton ya shigo ta idon kamarata a wannan dare, ban ɗauko shi wani wuri ba. Kuma ina rubuta hakan a ƙasa. Manya ma haka suke yi. Madubin James Webb da aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, wanda ke can nisan kusan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga duniya, yawancin hasken da yake kamawa ido ba ya ganinsa sam. Launukan nan masu ɗaukar hankali da kuke gani a hotunansa, masana ne suka ba kowane irin haske launinsa don mu iya gani, kuma suna faɗi a fili. Gyara da aka bayyana sana'a ce. Wanda aka ɓoye shi ne ha'inci, kamar mai sayar da nono ta ƙara ruwa ta rantse daga hantsa yake.

Abin ya kai yanzu wayar ma tana iya yi maka ƙarya ba da saninka ba. A watan Maris 2023 wani mutum ya gwada wata wayar Samsung: ya samo hoton wata, ya dusashe shi da gangan har ramukan suka ɓace, ya sa a allon kwamfuta cikin ɗaki mai duhu, ya ɗauka daga nesa. Wayar ta fito masa da wata tas, da ramuka da tabo waɗanda babu su a allon. Kamfanin ya yi bayanin cewa wayar na amfani da ƙirƙirarriyar basira da aka horar da hotunan wata don ƙara wa hoton kyau. Ke nan mai irin wannan waya yana iya rantsuwa shi ya ɗauka, bai yi ƙarya ba, amma rabin aikin ba nasa ba ne. Shi ya sa faɗin irin wayar ma yana da amfani.

Kuma kada wani ya ɗauka mu kaɗai ake ruɗa. A ƙarshen Yuli 2022 wani babban masanin kimiyya na Faransa, Étienne Klein, ya saka hoton wani jan abu mai zagaye a baƙin fili, ya ce tauraron Proxima Centauri ne, mafi kusa da ranarmu, James Webb ya ɗauko. Dubban mutane suka yaɗa, masu digiri a cikinsu. Ashe yankan naman alade ne na cikin hanji, irin wanda suke kira shorizo. Daga baya ya ce wasa yake yi don ya nuna yadda ake saurin yarda da hoto, ya kuma ba da haƙuri. In masu karatun Faransa sun yi wa yankan nama tafi, ba zan zagi baba mai goro da ya yarda da rumbu ba. Wanda nake tuhuma shi ne wanda ya sani, ya rubuta "na ɗauka".

Abin haushin ma, satar ba ta da dalili. Hotunan hukumar NASA yawancinsu an sake su ga kowa, iyaka ka ce nasu ne. Na sauran mutane kuma, ka tambaya ko ka ambaci sunan mai shi. Rubuta "hoton wane ne, ya burge ni" bai rage maka komai ba. Amma a'a, sai an yanke sunan mai hoto daga gefe, a manna nasa da manyan baƙaƙe. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Yanzu ga wanda aka cuta, tunda an tambaya. Akwai wani yaro ɗan lakkol da ke zuwa fadarmu shan shayi. Lokacin sanyin bara na nuna masa yadda zai jingina wayar yayansa a kan bulo ya ɗauki Kaza da ƴaƴanta. Ya yi ta gwadawa dare uku. A na huɗu ya samu: ɗigo shida a cure, da wasu ƙanana kewaye da su, hoton ya ɗan karkace, da reshen bedi a gefe. Hasken da ya kama ya baro waɗannan taurari sama da shekara 400 da suka wuce, ya zo ya faɗa cikin wayar da gilashinta ya tsage. Yaron ya saka a shafinsa da murna. Kafin safe wani ya manna masa irin hotunan rumbun nan a ƙasa, ya rubuta: "Ga yadda ake ɗauka, kai naka kamar kashin ƙuda." Ya goge hoton. Da na tambaye shi sai ya ce: "Kawu, wayarmu ce ba ta da kyau, na bari sai na samu babba." Babu babbar wayar da za ta ba shi wancan hoto, don wancan samaniyar ba ta wanzu ba. An sa yaro ya raina aikin hannunsa na gaske saboda abin da babu shi. In wannan ba cuta ba ce, a gaya mini sunanta.

To amma kada ƴan'uwana masu sha'awar nan ta gaskiya su yi dariya, don akwai namu kason. Mu kaɗan ne, amma har mun fara girman kai. Wani in ya samu kamara mai tsada daga ɗan'uwa a Turai, sai ya saka hoto, a tambaye shi yaya aka yi, ya amsa da faransanci mai wuya ko ya yi shiru, kamar asirin gado ne. Wani kuma jira yake sabon shiga ya yi kuskure ya yi masa dariya. Wallahi wannan rowa ce, kuma ita ke buɗe wa maƙaryata kasuwa: in mai gaskiya ya rufe baki, mai rumbu ne zai koyar. Duk abin da na sani wani ne ya koya mini kyauta, mutanen da ban taɓa gani ba. Don haka ga shi nan, kowa ya ɗauka.

Ka zaɓi daren da babu farin wata, wato daga wajen 25 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabo. Ka fita inda fitilun gari da na sola ba sa dukan idonka. Ka buɗe kamarar waya ka nemi inda aka rubuta Pro ko Manuel. Lambar ISO ka kai ta 1600 ko 3200. Lokacin buɗe ido ka sa daƙiƙa 10 zuwa 15. In ka wuce haka da yawa taurari za su fara jan wutsiya, saboda duniya juyawa take yi ba ta jiran kowa. Saitin nisa ka tura shi ƙarshe, wajen alamar dutse ko takwas a kwance. Kada ka riƙe wayar a hannu, ko numfashinka ya isa ya ɓata hoto: ka jingina ta da bulo, ko turmi, ko takalminka. Ka sa ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka don girgizar yatsanka ta lafa. Shi ke nan asirin. In kana son sanin sunan abin da kake kallo, akwai manhajar Stellarium, ita ma tana da ta kyauta. Hazo da ƙurar hunturu su ne manyan abokan gaba. Daren da ya fi kowanne shi ne wanda ruwan damina ya wanke sama, gajimare ya janye. A irin wannan dare tsakiyar farar hanyar nan tana tsaye a kudu kamar hayaƙi. Da kaka zuwa sanyi kuma, in ka san inda za ka duba a arewa, akwai wani ɗan tabo mai dishi-dishi da ido ke iya gani, Andromeda, wanda haskensa ya yi tafiyar shekara kusan miliyan biyu da rabi.

Kuma mu daina ganin kamar mu ne matalautan wannan harka. A 2016 masana sun fitar da taswirar hasken fitilu na duniya, suka nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar taurari daga inda suke zaune. A Turai kusan kashi 60 cikin ɗari, a Amurka ta Arewa kusan 80. Maƙwabciyarmu Cadi tana cikin ƙasashen da samaniyarsu ta fi kowace tsabta. Mutumin Paris yana da kamarar miliyoyi, sai ya yi tafiyar sa'o'i kafin ya samu duhun da ɗan ƙauyen Dakwaro ke samu a bayan ɗakinsa. Ban ce rashin wuta abin alfahari ba ne, ni ma ina son ranar da kowane ƙauye zai samu kuran. Amma mai irin wannan sama a kansa, ya je yana satar ta wasu, abin kunya ne biyu.

Akwai kuma dukiyar da babu ita a wata manhaja. Tsofaffinmu suna da sunayen samaniya: Zara matar wata, Gamzaki na asuba, Kaza da ƴaƴanta. Manoma da malaman zaure suna lissafin shekara da taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, kuma har gobe a karkara za ka ji ana cewa Nasara ta shiga, ko ana cikin Ɗarfa, a san inda damina ta kai. Sunayen wasu taurarin suna bambanta daga gari zuwa gari, na Gobir daban, na Adar daban, Buzaye da Fulani kuma suna da nasu. Duk wanda ya zauna da tsoho ya ji suna, ya rubuta shi yadda ya ji, ya faɗi yankin, kuma in tsohon ya yarda ya ambace shi. Ɗaukar ilimin baba a saka a shafi kamar kai ka gano, shi ma irin satar rumbun ce, sai dai ba mai kama ka.

Masu cewa wannan sha'awa bokanci ce, amsarsu gajera ce, amma laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Ni kaina an sha rubuto mini a ɓoye: malam duba mini tauraruwata, auren nan zai yi? Ina amsawa cewa kamarata ba ta san gobe ba, ko batirinta ban san lokacin da zai mutu ba. Amma akwai shafukan da ke saka hotunan taurari a sama, a ƙasa lambar tura kuɗi. Waɗannan su ke shafa mana baƙin jini, kuma bai kamata mu yi musu kara ba.

Amfanin mai kallon sama a unguwa yana fitowa ne ranar da jama'a suka firgita. Waɗanda suka yi wayo a 2006 suna tuna safiyar Laraba 29 ga Maris, da rana ta yi husufi, inuwar ta ratso ta kudancin ƙasarmu ta haura arewa maso gabas, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki. A lokacin rediyo ce ta yi ta gargaɗi kada a kalli rana da ido. Yau wayoyi sun riga rediyo isa. Tun daga 2019 da aka fara harba taurarin ɗan Adam na Starlink da yawa a lokaci guda, ana ganin jerin fitilu suna tafiya a sama kamar ayarin raƙuma. Duk lokacin da suka gifta sai saƙonnin murya su tashi, wannan ya ce aljanu, wancan ya ce jiragen yaƙi, a ƙasar da zukata suke a tsorace dama. A watan Oktoba 2024 tauraro mai wutsiya ya bayyana a yamma bayan magariba, nan ma aka yi ta fassara, wa zai mutu, wace masifa ke tafe. Ƙanƙara ce da ƙura, zafin rana ke narkar da ita ta yi wutsiya, kuma tun 2023 masana suka hango zuwansa. A irin wannan rana ana buƙatar mutum ɗaya a gurup wanda in ya ce "ku kwantar da hankali, abu kaza ne", za a yarda da shi. Wanda aka taɓa kamawa da rumbu mai ƙaura, wa zai saurare shi?

Saura abu ɗaya da ba a faɗa a littattafan Turawa, don ba su san shi ba. Mu nan fita daji da dare da ƙarfe mai ƙafa uku ba wasa ba ne. Ka sanar da mai gari ko mai unguwa kafin ka kafa kaya, kada a ɗauke ka ɗan leƙen asiri. Kada ka kusanci inda jami'an tsaro suke, ko da can ne sama ta fi kyau. Yankunan da kowa ya san ba lafiya, hoto bai kai ranka ba. In za ka saka hoto, faɗin yanki ya isa, ba sai ka nuna wa duniya ƙofar garken wani da hanyar shiga ƙauyensu ba. Da bazara kuma mutane a tsakar gida suke kwana, mata da yara. Wanda ya hau soro da kamara ya ce taurari yake nema, ya tabbata sama ta nufa, kuma ya nemi izinin maƙwabta tukuna. Na taɓa yin wannan kuskure a farkon farawata, wani dattijo ya kira ni da safe ya yi mini faɗan da har yau ina jin kunyarsa, kuma shi ke da gaskiya.

Tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni ma na taɓa zamewa. Shekara biyu da suka wuce na ɗauki wata daban da babban gilashi, na ɗauki hasumiyar wani masallaci daban, na haɗa su don watan ya fito ƙato a bayanta. Ban rubuta cewa haɗi ne ba. Yabo ya yi ta zuba, na ji daɗi kwana biyu. Rana ta uku wani malamin lakkol ya rubuto yana tambaya daga wane lungu zai tsaya da ɗalibansa su ga watan haka. Na rasa amsar da zan ba shi. Na koma na gyara rubutun, na faɗi yadda aka yi, yabon ya ragu da rabi, malamin kuma muka fita tare da yaransa a wata na gaba.

Yaron fadarmu ya dawo, bayan na yi ta lallashi. Hotonsa na Kaza yana nan a wayar yayansa, ashe bai goge na ciki ba. Ya sake saka shi, a ƙasa ya rubuta yankin, da daren, da irin wayar, da "daƙiƙa 13, a kan bulo". Mutum goma sha ɗaya suka danna masa alamar so, biyu suka tambaye shi yadda ake yi, kuma shi ya amsa musu da kansa.

Shi kuma ƙanena mai rumbu, hotonsa na nan bai cire ba. Na sake rubuta masa na ce ya faɗa mini sunan ƙauyen, zan biya kuɗin mota da na kabu-kabu, in zo da ƙafa ukuna mu tsaya gaban rumbun tare a ƙarshen wannan wata. Yau kwana shida, alamar ta nuna ya karanta.